Inji Mai Baki Uku a Tashar Kankiya

Akwai mutanen da bai kamata a bari su hau jirgin sama ba, don in sun sauko ƙafafunsu kaɗai ke taɓa ƙasa, kan yana can sama. Rufa'i ɗan Ƙofa ta ƙasar Kusada yana cikinsu. Ya je Jidda ya yi 'yan shekaru, ya dawo da jallabiya da baƙin tabarau da wata "yalla, yalla" da yake jefa wa kowa, har akuya. In ka tambaye shi aikin da ya yi a can, sai ya ce shi ne babban mai haɗa gahawa a wani katafaren shago mai kallon teku. Wani ɗan Kafinsoli da ya je Umara ya ce ya gan shi a shagon kam, amma a can baya, hannu cikin kumfa, yana wanke finjalai. Rufa'i ya ce hassada ce, kuma ranar mai wanke-wanken ne bai zo aiki ba.

Da ya dawo ya tarar gonar gidansu na jiran shi, sai ya rantse gaban jama'a cewa hannun da ya riƙe injin Turawa ba zai sake riƙe fartanya ba. To wanda ya yi irin wannan rantsuwa a Ƙofa, hanya ɗaya ta rage mashi, ita ce teburin shayin kawunshi.

Kawu Zainu ya kafa teburin nan ƙarƙashin darbejiyar tashar Kankiya tun kafin a haifi rabin direbobin da ke shan shayinshi. Yanzu tsufa ya zo, yana son ya huta, ga kuma mai faci na gefe ya daɗe yana haɗiyar yawu kan inuwar. Sai ya kira Rufa'i.

"Kai ɗan ƙanwata ne, ba ni son wurin nan ya tahi hannun bare. Ranar kasuwa mai zuwa zan koma gefe, kai ka riƙe tebur. In direbobi sun sha sun gamsu, naka ne. In ba su gamsu ba, mai faci zan ba, kai kuma ka koma Ƙofa, damina ta kusa."

Rufa'i ya yi dariya har da buga cinya.

"Kawu, kai ma dai! Ni da na shayar da Larabawa da Turawa, direbobin Kankiya za su gagare ni? Amma fa ba da wannan butar taka mai baƙin gindi ba. Zamanin ruwan bunu da kauri ya wuce. Esfireso zan kawo."

"Mi ke nan? Allura ce?"

"Gahawa ce, Kawu, wadda inji ke matsowa da ƙarfin tururi. Kurɓi ɗaya, direba ya kai Legas bai yi gyangyaɗi ba."

"Direbobin nan Katsina da Kano suke zuwa."

"To sai su je su dawo ba su ƙifta ido ba."

Ya sayar da babur ɗinshi, ya hau mota sai Kano, shagon wani Salman mai sayar da kayan gwanjo na otal-otal. Salman ya ba shi kujera, ya tambaye shi abin da kowane mai hankali zai tambaya.

"Alhaji, a gida za ka yi amfani da shi ko a shago? Mutum nawa za ka shayar a rana? Akwai ruwan famfo a wurin? Wuta fa?"

"Malam, inji na zo saye, ba aure na zo nema ba. Fito da kaya."

Salman ya ɗauko wani ɗan ƙarami ya ce wannan na gida ne, ana zuba mashi ruwa a baya da moɗa, ko ƙaramin janareta zai ɗauke shi. Ya jawo wani matsakaici ya ce wannan shi ne daidai teburin tasha, shi ma yana da tankinshi, bakinshi ɗaya amma ba ya gajiya, in an bi shi a hankali zai shayar da tasha guda.

Don Allah ku ji mani yadda Rufa'i ya zaɓi inji. Shi a duniya abu mai tsada ɗaya ya taɓa ganin ana saye da natsuwa, shi ne ragon layya. Sai ya ɗaga ƙaramin da hannu ɗaya, ya taɓe baki, ya ajiye. Ya zo kan matsakaicin ya shafa bayanshi, ya matsa gefe da gefe kamar mai neman kitse, ya cicciɓa ya ji nauyi.

"Wannan ramamme ne."

Can ƙuryar shago ya hango wani abu ƙarƙashin tamfol, an ɗora mashi buta da dadduma. Ya yaye. Wani ƙaton inji ne mai ƙyalli, bakinshi uku, da agogo biyu a goshi, tsawonshi ya kai benci. Rufa'i ya tsuguna ya sa hannu zai ɗaga, bayanshi ya ce ƙas, injin ko motsi bai yi ba. Ya miƙe yana dafe ƙugu, fuska cike da murna.

"Yauwa. Wannan shi ne inji."

"Alhaji, wannan daga wani otal da ya rufe ya fito. Sai an haɗa shi da famfo, kuma wutar da yake ci..."

"Ka taɓa zuwa Jidda?"

"A'a."

"To."

Salman shekaru ya yi yana roƙon Allah ya kawo wanda zai raba shi da wannan ƙarfen ya samu wurin shimfiɗa ƙafa, ga shi Allah ya kawo shi da ƙafafunshi har da tabarau. Duk da haka sai da ya sauke nauyi sau ɗaya.

"To ka haɗa da ɗan injin niƙanshi. Ƙwayar gahawa ba a niƙa ta ko'ina."

"Niƙa? A Kankiya kowace unguwa da injin niƙa, har ka rasa inda za ka yi barcin rana. Ba ni buhun ƙwayar kawai."

Kamalu ne ya ɗauko injin zuwa Kankiya, direban wata tsohuwar bas wanda bakinshi ya fi birkin motarshi aiki. Kafin a kwance igiya tasha ta kewaye su.

"Wannan na ƙyanƙyasar kaji ne."

"Kai, na asibiti ne, irin wanda ake jona wa mai numfashi sama-sama."

"Ni dai ban san aikinshi ba," in ji Kamalu, "amma tun daga Bichi motata ke kuka tana kiran sunan uwarta."

Majiya ƙarfi suka sauke shi kan teburin Kawu, tebur ya yi ƙara ya ɗan buɗe ƙafafu. Gwangwanayen madara da siga da Kawu ke jerawa kamar bene, duk aka sauke su ƙasa don a ba baƙo wuri. Rufa'i ya ɗauko moɗa zai zuba ruwa, ya zagaya injin, ya leƙa sama, ya leƙa baya, babu murfi, sai wani ɗan bututu a gindi. Jama'a na kallo. Ya ajiye moɗar a hankali.

"Haka manya suke. Ba a zuba masu ruwa, su ke sha da kansu."

A tashar kuwa babu famfo, rijiya ce da 'yan ga-ruwa. Sai ya sa aka hau da duro kan reshen darbejiya, aka ɗaure da igiyar guga, aka jawo tiyo daga duron zuwa gindin inji. 'Yan ga-ruwa suka yi ta hawa tsani suna juyewa suna tsine wa Jidda, har ruwan randar Kawu sai da aka kwashe aka kai sama.

Sai wuta. Kawu na da ɗan janareta da yake kunna ƙwan fitila da cajin waya. Rufa'i ya jona, ya murɗa makunnin inji. Janaretan ya yi tari, ya yi wani gunji kamar an shaƙe shi, ya mutu, hayaƙi na fita ta inda ba salansa ba.

Kawu ya ce, "Inna lillahi."

"Da ma ya tsufa, Kawu. Injin nan ba ya hulɗa da ƙananan yara."

Ya je ya yi ta roƙon mai walda na bakin titi, da ƙyar ya yarda zai ara mashi ƙaton janaretanshi mai shan dizal, amma da safiyar kasuwa kaɗai, don shi ma da aikinshi. Kawu ya ce to yaushe za a gwada?

"Gwaji na 'yan koyo ne."

Ana gobe kasuwa ya saɓa buhun ƙwaya sai gidan Kubura mai injin niƙa. Wanda ya san Kankiya ya san jajibirin kasuwa ranar yaji ce. Masu tsire, masu ƙosai, masu ɗanwake, kowa ranar yake kawo barkononshi. Mata sun yi layi da kwanoni, kowace ta rufe hanci da gefen mayafi. Rufa'i ya ratsa su ya dire buhu a gaba.

"Kubura, a yi mani nawa yanzu, kayan ƙasar waje ne, ba ya son jira."

Kubura ta kashe inji, ta sauke tsumman da ta ɗaure hanci, ta ɗebi ƙwayar ta duba.

"Wannan wane irin wake ne ya ƙone haka? Wa ya soya maka, ka kai ƙara?"

"Gahawa ce. Niƙa kawai, lukui."

"To tsaya. Yanzu na sauke barkonon masu tsire, da citta da masoro a ciki. Bari in zuba dusa ta bi ta wanke injin tukuna."

Haka ake yi tun kaka da kakanni, ko yarinyar da aka aika niƙan kunu ta san wannan. In yaji ya bi ta inji, sai an kora da dusa kafin a zuba wani abu. Amma Rufa'i ya sauke tabarau kan hanci ya dube ta kamar ta zagi mahaifinshi.

"Dusa? Abincin tumaki? Ki haɗa mani gahawar da ta ƙetaro teku da abincin tumaki?"

"Ba haɗawa zan yi ba, kore..."

"Kin san ƙamshi ne rayuwarta? Ƙwayar dusa ɗaya ta shiga, shi ke nan ta mutu. Zuba haka nan."

"Rufa'i, barkono fa na ce maka."

"Barkono ai ya fita, ga shi can cikin kwano ina gani. Ke kika je Jidda ko ni?"

Kubura ta juya wajen matan.

"Jama'a, ku shaida."

"Mun shaida," suka ce baki ɗaya, wasu har da guɗa.

Ta tada inji ta zuba. Gari ya fito baƙi da wani ja-ja a cikinshi. Rufa'i ya ɗiba ya kai hanci don ya nuna masu yadda gwanaye ke yi, atishawa ta kwashe shi har tabarau ya faɗa kwanon wata mata.

"Kun ji ƙarfi?" ya ce yana share hawaye. "Ta asali ke nan. Ta jabu ba ta sa atishawa."

Da safiyar kasuwa ya tuna a Jidda akwai gahawar da ake yi da madara mai kumfa. Madarar gwangwani ta Kawu kuwa ya ce ta 'yan kauri ce, shi ta saniya yake so. Ya tare Haulatu, Bafillatanar da ke kawo nono tasha, ta sauke ƙwarya.

"Madara nake so."

"Madara sai ka zo ruga lokacin tatsa. Wannan kindirmo ne, ya kwana ya kama."

"Ba daga saniya ya fito ba?"

"Daga saniya."

"Fari ne?"

"Fari ne."

"To zuba, kada ki koya mani aikina."

Ta cika mashi jug, ta koma gefe ta zauna, don ta ga alama yau akwai kallo.

Kafin hantsi tasha ta cika. Rufa'i ya sa an kai butar Kawu da murhunta gida, wai kada su ɓata wa inji kwarjini. Ya ɗaura farin ƙyalle a ƙugu bisa jallabiya. Kawu ya koma ƙarshen benci da carbinshi, mai faci kuma ya bar tayar da yake liƙewa ya matso kusa, yana kallon inuwar darbejiya kamar mai auna inda zai ajiye kwampiresa.

Mai walda ya tada janareta. Ƙasa ta ɗauki rawa. Rediyon da direbobi ke jin labaran safe ya koma motsin banza, gaisuwa ta koma ta hannu, hayaƙin dizal ya bi ta kan tulin burodi. Injin ya kunna jan ido ɗaya, allurar agogonshi ta fara tafiya kamar tsohuwa mai ciwon ƙafa. Direbobi sun jeru a benci, kowa da burodinshi a hannu.

"Ɗan Jidda!" Kamalu ya ƙwala ihu. "Motata ta cika, fasinja na zagi na!"

"Shina ɗaukar zafi!"

"Da butar Kawu ce da ta tafasa ta huce ta sake tafasa!"

"Buta ba ta da agogo!"

Da allura ta kai inda Rufa'i ya ga dama, ya ce babba za a fara ba. Babban tasha kuwa shi ne Sarkin Tasha Abdurrahim, mutum mai jiki da gashin baki, wanda ranar ya sha sabuwar farar babbar riga don daga nan ɗaurin aure za shi Kusada. Aka ba shi tsakiyar benci. Rufa'i ya cika wani ɗan ludayin ƙarfe da gari, ya danna, ya murɗa shi a bakin inji, ya latsa. Injin ya yi gurnani, wani siririn ruwa baƙi ya tsiyayo cikin finjalin da bai fi murfin kwalba ba da yawa, ya tsaya. Rufa'i ya miƙa da hannu biyu.

Sarkin Tasha ya dubi finjali, ya dubi rabin burodin da ke hannunshi.

"Wannan ɗanɗano ne?"

"Shi ke nan duka, ranka ya daɗe."

"Duka?"

"Duka."

Sarki bai saba shan abu da safe ba tare da tsoma burodi ba. Ya nemi kusurwar burodin ya ɗan taɓa bakin finjali. Burodi ya zuƙe gahawar tas, finjali ya koma fari.

"Burodi ya riga ka, Sarki!" in ji Kamalu, benci ya kwashe da dariya.

"Ba a tsoma burodi!" Rufa'i ya fizge shi. "Haba jama'a, ku waye mana!"

Ya koma ya sa baki ukun duka aiki, ya cika finjalai, ya bi benci yana rabawa.

"Kurɓi ɗaya ake yi, kada a tsaya tunani. Yalla!"

Suka yi bisimilla, suka kafa kai lokaci guda.

Sarkin Tasha mutum ne mai riƙe girma, ya zauna ƙyam, sai dai idanunshi sun koma garwashi, gashin baki na rawa, hawaye ya gangaro ya tsaya a haɓa.

"Ya ka ji, ranka ya daɗe?"

Sarki ya buɗe baki zai amsa, atishawa ta riga shi, hula ta tashi ta faɗa cinyar na kusa da shi. Kamar jira ake, benci duka ya kama. Wani na tari, wani na fifita harshe da hula, wani tsohon direban tirela ya fara kalmar shahada.

"Wayyo Allah!" Kamalu ya miƙe yana tsalle. "Yajin tsire ne! Wallahi har masoro na ji! Ɗan Jidda, ina naman?"

"Haka take! Ƙarfinta ke nan! Harshenku ne bai saba ba!"

Daga bayan taro muryar Kubura ta ratso ƙarar janareta, ta zo kallo da matan layinta.

"Mun shaida ko ba mu shaida ba?"

"Mun shaida!"

Kawu ya ajiye carbi, ya nuna finjalin da ya rage.

"Kai da harshenka ya saba, sha mu gani."

Rufa'i ya duba hagu, ya duba dama, babu hanya. Ya ɗauka da yatsu biyu, ƙaramin yatsa a miƙe, ya kurɓe. Ya yi murmushi. Ya riƙe murmushin. Hawaye suka ɓullo ta ƙarƙashin tabarau layi biyu.

"Madalla," ya ce da wata siririyar murya wadda ba tashi ba. "Amma tun da ku sababbin shiga ne, bari in yi maku mai madara. Ita ke kwantar da zafi. Ranka ya daɗe, matso ka ga ikon Allah."

Sarki, da yake neman duk abin da zai kashe wutar bakinshi, ya matso. A gefen injin akwai siririn bututun da ke fitar da tururi. Rufa'i ya tsoma shi cikin jug ɗin kindirmo, ya murɗe makunnin har ƙarshe, don shi bai san rabi ba a komi. Bututu ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Kindirmo ya ji wutar da bai taɓa ji ba tun da aka tatso shi, ya tsinke, ruwa gefe gudaji gefe, ya kumbura ya yi tsiri ya fashe. Rabi ya tafi rassan darbejiya. Rabin ya sauka kan Sarkin Tasha, daga gashin baki har aljihun farar riga, da ɗumi da tsami.

Haulatu ta faɗi gefen ƙwaryarta tana riƙe ciki.

"Ruwa! A ba mu ruwa!" direbobi ke ihu. Suka ruga randar Kawu, ƙaf, ko ɗigo. Ruwan wurin duka yana bisa itace. Kamalu ya ɗaga kai ya ga duro, ya bi tiyo da ido, ya cafke shi ya fizga don ya cire daga gindin inji ya kafa baki.

"Kada ka ja!" in ji Rufa'i.

Ta gindin inji tiyon ya riƙe gam. Ta sama ne ya amsa. Duro ya karkato, igiyar guga ta ce ɗas, ya taho da ruwanshi duka ya sauka kan ƙarshen tebur. Ƙafar tebur ta karye, burodi ya bi ruwa yana iyo cikin tasha, finjalai suka watse, inji ya zame ya zauna a taɓo da bakunanshi uku suna kallon sama. Mai walda ya ga ruwa ya nufi janaretanshi, ya yi tsalle ɗaya ya kashe.

Ƙarar janareta ta ɗauke. Sai atishawa nan da can, da rediyo da ya dawo yana ba da labarin farashin taki. Direbobi suka yi wa ƙwaryar Haulatu rubdugu, kowa na kurɓar kindirmo yana lumshe ido.

Rufa'i ya matse gefen jallabiya, ya gyara tabarau.

"Kawu, ka san farkon abu. Wannan ai kamar gwaji ne..."

Kawu bai dube shi ba. Ya tashi, ya ɗauko rediyonshi, ya goge shi da hannun riga, ya juya wajen mai faci.

"Malam, inuwa taka ce. Ka bar mani benci ɗaya in riƙa zama."

"Har biyu, Baba," in ji mai faci, ya riga ya fara gungura taya.

Sarkin Tasha ya gama share gashin baki da gefen hula, ya dubi rigarshi, ya dubi direbobinshi. Murya ta dawo mashi, a dishe.

"Duk direban da ya ɗauki yaron nan, ko shi ko ƙarfenshi, ya nemi wata tasha."

Haka Rufa'i ya wuni zaune kan injinshi a bakin titi, motocin Kusada na wucewa suna mashi hon, 'yan kamasho na tambayar shi ko akwai sauran yaji. Sai bayan la'asar Hamma, mijin Haulatu, da ya kawo kaya kasuwa da amalanken shanu kuma hanyarshi ta bi ta Ƙofa, ya ji tausayi ya ce a ɗora. Mai faci da kanshi ya kama aka cicciɓa, har da addu'ar Allah ya kiyaye hanya.

Suka fita daga gari. Hamma na gaba da sanda, Rufa'i na baya ya rungume inji. Gonaki sun sha sharar fage ta ko'ina, hadari na haɗuwa ta gabas. Suka wuce gidan ƙarshe, suka wuce wata kuka. Rufa'i ya yi gyaran murya.

"Hamma, ka san matsalar Kankiya? Ba su kai nan ba tukuna. Ni na yi masu sauri."

Hamma ya ɗaga sanda ya kora shanu, Rufa'i ya ci gaba.

"Amma ni yanzu na gane inda arziki yake. Madara. Akwai wani inji a Jidda, ka zuba madara ta nan, ta fito ta can ta zama ƙanƙara mai zaƙi, yara na bin ka da gudu. Ni na san shi ciki da waje. Ga ka da shanu, ga ni da ilimi. Wannan bijimin na dama kaɗai in ka sayar..."

Hamma ya ja igiya. Shanu suka tsaya.

"Kaɗo, sauka."

Rufa'i ya dubi daji, ya dubi hadari, ya dubi abin da ke rungume a ƙirjinshi.

"Ni ko injin?"

"Injin bai ce komi ba."